Darasi: Karanta Lambar Kayan Mota

Jama'a, a yau za mu koyi karanta lambar da ke jikin kayan mota. A Samaru da Sabon Gari har yanzu akwai tsofaffin motoci. Akwai Peugeot 504, watau Fijo, wadda aka harhaɗa a Kaduna. Akwai Volkswagen Beetle, wadda aka harhaɗa a Ikko. Duka masana'antun biyu sun fara aiki a 1975.

In wani abu ya lalace, mai mota yakan tafi Sabon Gari ya ce wa mai kanti, "Ba ni irin wannan." To, kama da wane ba wane ba ne. Ƙarfe biyu sukan yi kama, amma ɗaya ba zai zauna a gurbin ɗaya ba. Ga asarar kuɗi, ga asarar yini. In kuwa kayan birki ne, abin ya shafi rai. Maganin wannan shi ne lamba.

Ku dubi wannan lamba ta Volkswagen: 113 905 207. Kashi uku ce, ana karantawa daga hagu zuwa dama. Kashi na fari, 113, yana nuna motar da aka fara yi wa abin, watau Beetle. Adadin farko na kashi na biyu yana nuna sashen mota. 1 inji ne, 2 tankin mai da salansa, 3 giya, 4 ƙafar gaba da sitiyari, 5 ƙafar baya, 6 birki, 8 bodi, 9 kayan wuta. Tamu 9 ce, ashe kayan wuta ne. Kashi na uku shi ne sunan abin kansa. Wannan murfin nan ne da wayoyin fulogi suke fitowa daga cikinsa. In kun ga harafi a ƙarshe, kamar A ko C, an sake fasalin abin ke nan. Kada ku bar harafin. In abu yana da na hagu da na dama, yawanci na hagu yana ƙarewa da mara, na dama da cika.

Kowane kamfani da tsarinsa. Tsofaffin lambobin Fijo adadi huɗu ne, sai ɗigo, sai biyu. Wadda ta fara da 1109, filtar baƙin mai ce.

Rediyon mota ma haka ne. Sai an zaro shi a ga takardar da aka manna a jikinsa. Rediyon da ya zo da Volkswagen daga masana'anta yakan kasance da 035 a tsakiyar lambarsa. Ku duba kuma ko an rubuta 6V ko 12V. Wannan shi ne ƙarfin batir. Beetle na kafin 1967 yawanci 6V ne. In aka haɗa rediyon 6V da batir mai 12V, zai ƙone.

Ga yadda za ku yi. Ku goge ƙarfen da tsumma da ɗan kananzir. Ku fita da shi haske. Ku tabbata ba ku kife shi ba, don kada 6 ta zama 9. Ku rubuta lambar a takarda, ku sake karantawa sau biyu. Sa'an nan a kanti ku gwada ta da wadda ke jikin sabon, adadi bayan adadi, kafin ku biya.

Tambayoyi

1. Kashi nawa ne a lambar Volkswagen?
2. In kashi na biyu ya fara da 6, kayan mene ne?
3. Me zai faru in aka sa rediyon 6V a mota mai 12V?

Aiki: Kowa ya nemi tsohon ƙarfen mota guda, ya kwafo lambarsa, ya kawo aji gobe.