Amsoshin Tambayoyinku: Ina Son Fara 'Yar Mujallar Ado da Al'ada Daga Rara

Tambaya:  Ni tela ce a Rara, cikin ƙaramar hukumar Rabah. Na gama sakandare, kuma ina da sha'awar rubutu. Na daɗe ina son in riƙa fitar da 'yar mujalla tawa ta kaina kan sutura, kwalliya da al'adunmu. Sai dai ƙawayena sun ce wannan aikin 'yan birni ne, wai wa zai karanta abin da aka rubuto daga ƙauye? Ta ina zan fara, kuma da me?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi wa sana'arki albarka. Wasiƙarki ta faranta mini rai, don haka ki yi haƙuri in na ɗan tsawaita.

Ƙawayenki suna da gaskiya ta fuska ɗaya. In kika ce za ki yi gasa da masu yaɗa hotunan sabon ɗinkin abaya da shaddar gezna daga Kano da Abuja, sun riga ki, kuma kullum za su riga ki, domin kasuwar Kantin Kwari tana ƙofar gidan 'yan Kano. Amma ba wanda ke Abuja da zai iya shiga ɗakin kakarki ya buɗe adakarta. Ke ce ke iyawa. Jarinki ke nan, kuma a kansa nake so ki gina mujallar.

Dubi inda kike zaune. Wurno, maƙwabciyarku, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, a can aka binne shi a 1837. A zamaninsa ne da bayansa 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jaji, su karɓi karatu su koma su koyar da na gida. Da me ake gane jaji? Da malfa da aka naɗe da jan ƙyalle, wadda Nana ke ɗora mata a kai. Kin ga sutura ce ta zama shaidar izinin koyarwa. Wannan kaɗai ya ishe ki fitowa ta farko, musamman in kin sami tsohuwar da ta ga jaji da idonta ko ta ji labari daga bakin mahaifiyarta. Ga kuma jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jeme fatarta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, a da kuma fatake kan ƙetare hamada da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Je ki wurin baduku ki zauna, ki ga yadda ake yin takalmi da jaka da tintimi, ki tambaye shi abin da ya daina yi, da dalilin da ya sa ya daina.

Batun fitar da takarda daga lardi kuwa ba baƙon abu ba ne. Bayan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita daga Zariya a watan Janairun 1939, hukumar buga littattafai ta Arewa, NORLA, ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna a shekarun 1950: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato. Ai mutum ya fi ɗokin karanta labarin garin da ya sani.

To, aikin kansa. Ki fara da takarda guda, gaba da baya, a naɗe biyu ta ba ki shafi huɗu. Sau ɗaya a wata ya isa. Ki tuna ke tela ce: daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah ba za ki sami lokacin ɗaga kai daga keke ba, saboda haka ki rubuta fitowa uku ki ajiye kafin ki saki ta farko. Yawancin irin waɗannan takardu ba rashin masu karatu ke kashe su ba, mai su ne ke gajiya a wata na uku. Kowace fitowa ki sa mata lamba da kwanan wata, ki adana kwafi ɗaya a inda gara da ruwa ba za su kai ba. Ki tura ta a WhatsApp, ki buga 'yan kwafi na shago da na makarantar Islamiyya in kin shiga Sakkwato. Sannan ki karanta ta da bakinki ki naɗi muryar, domin tsofaffin da za su ba ki labarin, da yawansu ba su karanta boko, kuma haƙƙinsu ne su ji abin da kika yi da maganarsu.

Wajen tambaya ne nake so ki fi natsuwa. In tsohuwa ta fito da zane, kada ki tsaya a cewa yana da kyau. Mene ne sunansa? Saƙi ne, ko tsamiya, ko atamfa? Wa ya saƙa, a wace kasuwa aka saya, nawa aka biya, a lefen wa ya zo? In ta manta shekara, ki auna da abin da ba a mantawa: kafin canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 ne ko bayansa, kafin a gina madatsar ruwan Goronyo ne ko bayanta. Kuma ki rubuta kalmar yadda ta faɗe ta. In ta ce kallabi, kada ki mayar da shi ɗankwali. In ta ce taggo, ki bar shi taggo, ki yi bayani a gefe. Ni kam ina baƙin cikin yadda marubutanmu na yamma ke goge Sakkwatancinsu da hannunsu kamar wani abin kunya. Ki saita wayarki ta riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ, don kada ƙafa ta koma kafa.

Abu biyu zan ja miki kunne a kansu. Na farko, kada ki ɗauki hoton mace ko amarya sai da yardarta da ta mutanen gidanta. Sau da yawa ma hoton zanen a shimfiɗe kan tabarma, ko na hannu mai lalle, ya fi fito da aikin. Kuma kin fi ni sanin halin tsaro da yankinku ke ciki: kada ki ambaci gidan da ke da gwal ko lefe mai tsada, kada ki sanar da rana da wurin biki kafin a yi shi. Na biyu, za ki ji sha'awar cika shafukan da ɗinkinki. Ki ware wa tallarki kusurwa ɗaya, ki rubuta mata "talla" ɓaro-ɓaro, haka ma ta duk mai sayar da atamfa ko turaren wuta da zai biya ki nan gaba. Kuɗin ba zai zo da wuri ba. In ya biya miki kuɗin bugu da na data a shekarar farko, ki gode wa Allah.

A wannan makon ki sayi littafin rubutu, ki ɗauki goro ko sabulu, ki je gaida mace mafi tsufa a danginku bayan la'asar. In fitowar farko ta kammala, ki aiko mini da kwafi, ɗiyata, ina son in ga abin da ke cikin adakar nan.