Darasi A Kan Mahaukaciyar Guguwa

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san guguwar bazara, wadda takan taso da tsakar rana ta kwashi ƙura da karmami, kafin a jima ta mutu. Zafin ƙasa ne yake ta da ita. Amma akwai babbarta, wadda Turawa suke kira tonado. Ita daga cikin hadari take saukowa, da siffar mazurari, tana juyi har ta taɓa ƙasa. A kanta za mu yi darasin wannan wata.

Daɗewarta

Yawancinsu ba su kai minti 10 ba sun mutu. Amma kada gajartar lokacin ta ruɗe mu, gama iskar manyansu takan wuce gudun kilomita 400 a sa'a. A shekarar 2011 wata ta faɗa wa garin Joplin a Amurka. Ba ta cika minti 40 ba, amma ta kashe mutum fiye da 150. Wadda ta yi suna wajen daɗewa ita ce ta ran 18 ga Maris 1925. Ta yi sa'a uku da rabi, ta ratsa jihohi uku na Amurka, tafiyar kilomita 350, ta hallaka mutum 695.

Inda take aukuwa

Ba ƙasar da ta kai Amurka, inda akan sami fiye da 1,000 kowace shekara. Dalili kuwa, a filayen tsakiyar ƙasar iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko takan gamu da busasshiyar iska mai sanyi, sai babban hadari ya haɗu. Akan same ta kuma a Kanada, da Ajantina, da Afirka ta Kudu, da Bangladash. A Bangladash ne aka yi mafi muni, a watan Afrilu 1989, inda kimanin mutum 1,300 suka rasu, galibi matalauta masu gidaje marasa ƙarfi.

Lokacinta

A Amurka ta fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, tsakanin la'asar da bayan almuru, sa'ad da ƙasa ta gama shan rana.

Mu fa?

Ba safai akan ga irin wannan guguwa a ƙasarmu ba. Amma muna da iskar da takan taso daga gabas a gaban hadari, a farkon damina da ƙarshenta. Ita ba ta juyi, kai tsaye take bugowa, amma ita ma ba ta daɗewa, kuma cikin ɗan lokacin nan takan yaye kwano, ta ka da rumbu. Abin koyo ke nan: iska ba ta ba mutum lokacin shiri. Sai mu shirya tun da rani.

1. Mu ɗaure katakon rufi da jikin bango da waya, mu ƙara ƙusa inda kwano ya saki.
2. Mu sabunta jinkar rumbu, mu ɗaure ta tam.
3. Mu sare busassun rassan da ke bisa ɗaki.
4. In iska ta taso, a shigar da yara ɗaki mafi ƙarfi, nesa da taga. Kada kowa ya fake a gindin itace.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

Wane wata iska ta fi yi mana ɓarna bara? Rufin ma'ajiyar ƙungiyarmu zai iya jurewa bana? Su wa za su duba ɗakunan tsofaffi da gwauraye kafin ruwan fari?