Saniyar Habbanaye

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa yin kyauta wadda kai mai bayarwa ka fi wanda ka ba jin daɗi? Karatunmu na yau a kan irin wannan kyauta yake.

Sau da yawa za ka ji ana cewa manomi da makiyayi ba su shan inuwa ɗaya. Manomi na tsaron shukarsa, makiyayi na neman ciyawa. Amma a nan ƙasar Tasawa da Mayahi, kowa ya san da kaka Fulani kan sauka gonakin da aka girbe. Shanu su ci kara, su bar taki. Mai gona ya kai hatsi, a kawo masa nono. Daga nan sanayya ke farawa.

Wani dattijo na ƙasar Kona ya ba ni labarinsa. Yana da wani Bafillace da ke sauka gonarsa kowace kaka. Gaisuwa ce kaɗai tsakaninsu. Sai ga fari na 1984, yunwar da mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari, don a shekarar ne Nijeriya ta rufe iyakarta, cimaka ta yi wuya. Bisashe suka yi ta mutuwa. Garken mutumin nan ya ƙare, saura shanu 2.

Dattijon ya ce: «Na lura kwana 2 hayaƙi bai tashi a rugarsa ba. Na kuma san Bafillace da kunya. Ko zai mutu, ba zai buɗe baki ya roƙe ni ba.» Shi kansa abin da ya rage a rumbunsa bai taka kara ya karya ba. Ya yi shawara da uwargidansa. Ta ce: «Maigida, in mun ci mu kaɗai, ba zai zauna mana a ciki ba.» Da dare ya auna tiya 10 ta hatsi, ya aza wa jaki, ya nufi ruga. Ya ce: «Aboki, ga ladan takin bara. Ban cika maka ba.» Alhali kuwa ya riga ya biya tun bara. Bafillacen ya sunkuyar da kai, ya ce: «Allah ya bar zumunci.» Bai ƙara ko kalma ba.

Ka lura da abu 2 a nan. Ya tafi da dare, don kada idon mutane ya gani. Ya kuma sa wa kyautar sunan bashi, don kada mai karɓa ya ji nauyi. Ya ce da ya juyo gida cikinsa ba komi, amma bai taɓa barci mai daɗin na wannan dare ba. Gaskiyar Hausawa, alheri gadon barci ne.

Shekaru suka shuɗe, garke ya fara maidowa. Wata kaka sai ga Bafillacen ya jawo karsana har ƙofar gida. Ya ce: «Aminina, ga habbanaye.»

Mene ne habbanaye? Tsohuwar al'ada ce ta Fulani. Mai shanu ya ba wanda yake ƙauna aron saniya. Wanda aka ba ya yi kiwonta, ya sha nononta. In ta haihu, ƴaƴan nasa ne. Bayan haihuwa 2 ko 3, sai ya maida uwar ga mai ita. Ba takarda, ba riba. Ana kula da saniyar habbanaye fiye da sauran bisashe, don amana ce. Da wannan dabara ce makiyayi da fari ya cinye wa garke ke sake miƙewa. Ƙungiyoyin taimako ma sun ari dabarar: su ba mace jar akuyar Maraɗi, in ta haihu ta riƙe ƴaƴan, ta miƙa uwar ga wata.

To, ka ga godiyar Bafillace. Bakinsa bai faɗi da yawa ba, amma zuciyarsa ba ta manta ba. Ya ɗauki abin da ake yi wa dangi, ya yi wa Bahaushe.

Abotar nan ta gamu da gwaji. A watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji. Mutum fiye da 100 suka halaka, akasarinsu mata da yara na Fulani. Labari ya bazu cikin jihar Maraɗi, tsoro ya kama rugage. Dattijon ya ce wasu sun ce masa ya maida saniya, ya raba hanya da baƙo. Ya ƙi. Ya je ya kwaso iyalin amininsa, ya sauke su cikin gidansa har ƙura ta lafa. Ya ce: «Yaya zan juya wa mutum baya, alhali ƴaƴana nonon saniyarsa suke sha?»

Ranar da ya maida saniyar, bayan ta haifa masa ƴan maruƙa 3, bai kai ta hannu sake ba. Ya haɗa da damman hatsi da goro. Yaba kyauta tukwici. Yau jikokinsu ke ziyartar juna, suna da biki.

Ɗan'uwa, kada ka ce sai ka yi arziki za ka bayar. Tiya 10 ce ta jawo duk wannan. Ke ma ƴar'uwa, ƙoƙon fura ga matar ruga da ta sha rana ba ƙaramin abu ba ne. In kuma kai aka yi wa alheri, riƙe shi a zuci har ranar da za ka iya ramawa.

Tambayoyi

1. Don me manomin ya kai hatsi da dare?
2. Bayyana habbanaye da bakinka.
3. Me ya faru a Toda a 1991?
4. Rubuta layi 3 a kan wani alheri da aka yi maka wanda ba ka manta ba.