Amsoshin Tambayoyinku: Gano Ambaliya daga Sararin Samaniya

Wani mai sauraro daga Maiyama ya yi tambaya kan yadda ake gano ambaliya daga sararin samaniya. Tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton ƙasa kafin ambaliya da bayanta. Ana kwatanta hotunan a kwamfuta, a fitar da taswirar gonaki da hanyoyin da ruwa ya shanye, domin masu agaji su san inda za su fara. Da yake gajimare kan rufe sama a watan Agusta, tauraron Sentinel-1 na Turai, mai gani ta cikin hadari, ya fi amfani. Hotunansa kyauta ne, haka ma manhajar QGIS da ake zana taswirar da ita.

Ambaliyar 2020 ta lalata shinkafa mai yawa a Kebbi. Fadamun Jega da ke bakin Kogin Zamfara suna buƙatar irin wannan taswira, kuma ya kamata a horar da ɗaliban jami'ar Aliero su riƙa zana ta.