Zobo da Hawan Jini: Abin da Gwaji Ya Nuna

Aikina shi ne tsamo sinadaran da ke cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwan da muke ci, in rarrabe su da na'urar HPLC, in auna yawan kowanne. Zogale da kuka da tsamiya duk sun bi ta hannuna, amma zobo ne aka fi tare ni da tambaya a kansa: wai da gaske yana sauke hawan jini?

Yana saukewa, amma akwai sharaɗi. Jan launin nan da kuke gani ya fito ne daga wasu sinadarai da ake kira antosayanin, kuma guda biyu ne suka fi yawa a zobo. A ɗakin gwaji an ga suna rage ƙarfin wani sinadarin jiki da ke sa jijiyoyin jini su matse, wato hanyar da ƙwayoyi irin su lisinopril ke bi. An kuma gwada a jikin mutane. A binciken jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, mutum 65 ne suka shiga. Waɗanda suka sha kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta ragu da kusan 7. Ragi ne na gaske, sai dai mutanen nan jininsu bai hau sosai ba. Wanda nasa ya kai 180, zobo ba zai fishshe shi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke haɗa shi. Antosayanin ba ya jure doguwar tafasa, kuma cikin tsami yake zama lafiya. Da an jefa kanwa don a kashe tsamin, za ku ga jan ya dushe ya koma baƙi-baƙi. Sinadarin ne ke lalacewa a kan idonku. Sannan a kawo sukari a zuba son rai. Mai ciwon sukari da ya sha wannan da sunan magani, cutar kansa ya yi. Gara a jiƙa zobon a ruwan zafi na ɗan lokaci, a tace, a sa citta ko kanumfari.

Kuma don abu tsiro ne ba ya nufin ba ya karo da magani. Wani bincike a Sudan ya nuna karkade, wato zobonmu, yana rage yawan kulorokwin da jiki ke tsotsa.

Jigawa na tura zobo tan-tan zuwa Meziko, mu da muke da shi a ƙofar gida ya kamata mu fi kowa iya shansa. Don Allah, mai shan ƙwayar hawan jini kada ya ajiye ta saboda zobo. Ya gaya wa likitansa yana sha, ya riƙa auna jininsa a kai a kai.