Zangon Ayari a Lokacin Damana

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ilimi da kakanninmu fatake suka mallaka, mu kuwa muna neman sakinsa, wato sanin inda ayari zai sauka ya kwana idan damana ta riske shi a hanya. Ilimi ne wanda rai ya rataya a kansa, domin har gobe ana tafiya cikin damana, a kan raƙuma da amalanke da motocin kasuwa, kuma ruwa bai daina cin matafiya ba.

Mu fara da sanin cewa manyan ayarori gudun damana suke yi. Ayarin gishiri na Abzinawa yakan tashi zuwa Fashi da Bilma wajajen watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, raƙuma sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Daga can a gangaro Damargu da Damagaram har Kano, a sayar da kantu da dabino, a auni hatsi, a juya arewa kafin ruwa ya sauka. A da, fataken goro masu zuwa Gwanja da jakuna su ma rani suke bi, lokacin da koguna ke ƙetaruwa. Dalili a fili yake. Tafin raƙumi na rairayi ne, a kan laka zamewa yake yi ya karye. Jaki mai kaya yana kafewa a taɓo. Gishiri yana narkewa, ƙudaje masu cizo kuma suna sa wa dabbobi sammore.

Sai dai a wancan zamani tafiyar Gwanja wata da watanni ce, tafiyar hajji ta ƙasa kuwa, ta Cadi da Sudan, takan ɗauki shekaru. Don haka babu makawa damana ta tarar da wasu a hanya. Wasu sukan yada zango a gari su yi noma su jira kaka. Daga masaukan fatake ne unguwannin Zango suka samo sunansu, kamar Zangon Damagaram da ke wajen ganuwar Birni, da na Kumasi a ƙasar Gana. Waɗanda larura ta sa su ci gaba kuwa, sai su dogara ga sanin madugu da jagaba. Ga ƙa'idojin da hankali da gogewa suka tabbatar a kan zaɓen wurin kwana.

Ta farko, kuma ita ce uwar sauran: ba a kwana a cikin kori ko gulbi, ko da ya bushe ƙayau. Nan ne wurin da ya fi jan hankalin wanda ya gaji, ga rairayi mai laushi, ga inuwa, ga ciyawa, ga ruwa kusa idan an tona. Amma ruwan da ke cika kori ba lalle ne ya sauka a kanka ba. Yakan zuba a kan duwatsu ko tudu mai nisa, ya taru, ya iso cikin dare alhali taurari na haskawa a samanka. A damanar 1850 matafiyin nan Bajamushe, Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga haka da idonsa a wani kwarin Abzin, inda cikin ɗan lokaci busasshen kwari ya zama kogi mai tumɓuke itatuwa yana tafiya da dabbobi. A 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwarin gulbi, har aka mai da gari bisa tudu. A watan Satumba na 2009 korin Telwa ya ɓalle ya afka wa unguwannin Agadas. Idan gari mai ganuwa da gidaje bai tsira ba, ina ga bukkar matafiyi?

Ta biyu: a nemi tudu, kuma a karanta alamun ƙasa. Ruwa yana barin shaida a inda ya taɓa kaiwa. Yayi da busassun ganye da suka maƙale a rassan itatuwa, da layin laka a jikin dutse, su ne ke nuna iyakarsa, sai a sauka sama da su sosai. Jigawa ta fi, domin tana shanye ruwa. Baƙar lakar fadama tana riƙe shi, ga sauro da zazzaɓinsa. A ɗora kaya a kan duwatsu ko itace, a rufe su, a haƙa ɗan lambatu ta gefen da ruwa zai gangaro. A kuma duba wurin da kyau tun da haske, domin macizai da kunamu su ma tudu suke hawa idan ramukansu suka cika.

Ta uku: idan aka iso kori yana busasshe, a ƙetare shi tukuna sannan a sauka a tudun da ke gaba, domin mai yiwuwa gari ya waye ya cika. Idan kuwa aka tarar da shi yana gudu, sai a ja baya a jira. Ruwan kori mai saurin zuwa ne, kuma sau da yawa mai saurin wucewa.

Ta huɗu: a sauka da wuri. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, galibi da yamma ko cikin dare, da iska mai ƙarfi a gabansa. Madugun kirki yakan tashi ayari da asuba ya sauke shi da rana tsaka, domin a sami sararin ɗaure dabbobi, da kafa bukkoki da bayansu gabas, da tanadin busasshen itacen wuta.

Ta biyar: a nisanci doguwar itaciya wadda ke tsaye ita kaɗai a fili, domin irinta tsawa ta fi faɗa wa. Gawo ma a damana yake kaɗe ganyensa, ba shi da mafakar da zai bayar.

Ta shida: a kiyaye gonakin mutane. Damana lokacin shuka ce, raƙumi ɗaya da ya kwance cikin dare zai iya cinye wahalar talaka ta shekara. A nemi mai gari ya nuna wurin sauka, a bi burtali.

Shari'a ma ba ta bar wannan babi ba. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa an hori matafiyi kada ya kwana a kan hanya, saboda dabbobi da miyagun ƙwari da ke binta da dare. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga ƴan ayari su warwatsu cikin kwaruruka idan sun sauka, da umurnin mutum uku su naɗa shugaba idan sun fita tafiya. Mai Risala kuma ya bayyana cewa wanda lokacin salla ya kama shi cikin taɓo, bai sami wurin sujada ba, zai yi salla a tsaye da nuni, idan kuwa sauka ta gagara, ya yi a kan dabbarsa yana fuskantar alƙibla.

A yau direba shi ne madugu. Ya kamata ya sani, ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kada babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da manya. A watan Agusta na 2024, a jahar Tawa, kori ya tafi da motoci ɗauke da masu zuwa kasuwa, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Sau da yawa fasinjoji ne ke matsa wa direba ya shiga, wai kada kasuwa ta watse. To, kasuwa tana sake ci mako mai zuwa. Idan muka tarar da mashigi ya cika, mu taimaki direba da haƙuri, mu koma tudu mu kwana tare, mu tsare raunana da yara daga sanyi. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai matafiya gidajensu lafiya.