Airbus A380: Yadda aka ƙera jirgin fasinja mafi girma a duniya, da dalilin daina ƙera shi

Fiye da shekara 30 Boeing 747 yana cin karensa ba babbaka. Tun da kamfanin Pan Am ya fara jigila da shi a 1970 babu jirgin da ya kai shi ɗaukar mutane, alhazan Najeriya da dama ma a cikinsa suka tafi Saudiyya. Kamfanin Airbus na Turai ne ya ɗaura ɗamarar ƙwace wannan kambu, ya ƙaddamar da aikin A380 a watan Disamban 2000.

Lissafinsa shi ne: manyan filayen jirgi irin Heathrow na Landan sun cika maƙil, babu gurbin ƙara sauka da tashi, don haka mafita ita ce jirgi ɗaya ya kwashi mutanen jirgi biyu. Sai aka yi masa hawa biyu tun daga kai har wutsiya. Yana da izinin ɗaukar fasinja 853, kodayake yawancin kamfanoni kujeru kusan 500 suke sawa.

Girman ne ya fara ɗaure hannun injiniyoyi. Dole jirgin ya shiga filin ajiya mai faɗin mita 80, shi ya sa fikafikansa suka tsaya a mita 79.75. Ga jirgin da nauyinsa ke kaiwa tan 575, wannan ya yi kaɗan. Fiffike dogo siriri ya fi ratsa iska cikin sauƙi, gajere mai faɗi kuwa ƙarin shan mai yake jawowa.

Sai kuma wayoyin lantarki, masu tsawon kusan kilomita 500. Injiniyoyin Hambog a Jamus da na Tulus a Faransa sun yi zane da manhajar CATIA, amma kowa da samfurinsa. Da aka zo haɗawa, wasu wayoyin suka ƙi kaiwa inda aka tsara. Jirgin ya yi tashin farko ranar 27 ga Afrilun 2005, amma sai a Oktoban 2007 Singapore Airlines ya fara ɗaukar fasinja da shi, bayan jinkirin kusan shekara biyu.

Kafin nan kasuwa ta juya. Jirage masu inji biyu kamar Boeing 777, daga baya 787 da A350, suna cin dogon zango da mai kaɗan, su kai fasinja kai-tsaye ba tare da yada zango ba. Shi kuwa A380 inji huɗu gare shi, kuma in kujerunsa ba su cika ba, asara ce tsagwaronta. Fasinjoji sun so shi saboda sarari da rashin ƙara, amma ba su ke biyan kuɗin mai ba.

A Fabrairun 2019 Airbus ya sanar da rufe aikin. Guda 251 aka miƙa wa masu saye, 123 daga ciki na Emirates ne, wanda ya karɓi na ƙarshe a Disamban 2021. Matsalar fiffike kuwa, Boeing ya ɓullo mata ta wata hanya a 777X: ƙarshen fikafikan na naɗewa sama bayan sauka, faɗinsu ya ragu daga kusan mita 72 zuwa 65.